Shayin Ƙanƙara da 'Ya'yan Ƙaya

 

A wurinmu idan aka ce shayi ya huce, to magana ta ƙare. Ko dai a mayar da shi kan wuta, ko a zubar. Mai shayin bakin titi da kuke gani yana ɗaga kofi sama yana tsiyayawa cikin wani, ba sanyi yake nema ba, zafin yake ragewa daidai yadda leɓe zai iya ɗauka. Haka Buzun da ke zaune gaban ɗan murhunsa na waya, a Agadas ne ko a ƙofar wani gida a Kano, zubi uku zai yi maka, kowanne da tururinsa. Cikin wannan tarbiyya na tashi. Shi ya sa ranar da aka fara miƙo mini dogon kofin gilashi cike da ƙanƙara aka ce shayi ne, na karɓa ne kawai don girmama hannun da ya miƙo.

A jihar Alabama ne, kudancin Amurka, cikin watan Yuli. Aiki ya kai ni na 'yan makonni, aka sauke ni a gidan wata dattijuwa a wani ƙaramin gari. Zafin can ba irin namu ba ne. Namu na watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yakan haura digiri 40, amma busasshe ne, idan ka samu inuwar darbejiya za ka ɗan sarara. Nasu bai cika kaiwa nan ba, sai dai iskar ce a jiƙe sharkaf, zufa ta fito ta ƙi bushewa, irin gumin nan da muke sha idan hadari ya haɗu ya ƙi zubar da ruwa. A haka suke wuni, a haka suke kwana, daga Yuni har Satumba.

Abin da ke cikin kofin ja ne mai duhu, kamar zoɓon da aka jiƙa ya kwana. Da na kurɓa, tsami ne ya fara tarbar harshena, zaƙi ya biyo baya, sai can ƙarshe wannan ɗan baurin na ganyen shayi ya zo ya share bakin. Ƙishirwar da na kwaso daga waje ta kwanta. Na ce, "Mama, me kika sa a ciki?" Ta ce, "Ɗana, gobe da sassafe ka sa riga mai dogon hannu, zan nuna maka."

Abin da na koya a gidan nan, wanda nake so mu tattauna yau, shi ne shayin da ya huce daban, shayin ƙanƙara daban. Na farko sakaci ne ya same shi. Na biyu kuwa tun daga ɗora ruwa an san sanyi za shi, kuma duk abin da aka yi masa an yi ne da wannan niyya.

Bari mu fara da ɗan itacen da ta sa a ciki. Sunansa bilakberi, wato baƙin ɗan itace. Ba bishiya ba ce, wata irin sarƙaƙiya ce mai dogayen rassa da ke rarrafe a gefen hanya da jikin shinge da tsofaffin gonaki, kuma dangin furen wardi ce, ƙayar ma iri ɗaya. Ɗansa bai fi kan babban yatsa ba. Idan ka duba shi da kyau sai ka ga ba ɗa ɗaya ba ne, wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu ruwa suka manne da juna, kowace da ɗan irinta a ciki. Yana farawa kore, ya koma ja, sannan ya yi baƙi. Ja a wurinsa alamar ɗanye ce. A kudancin Amurka yana nuna ne a Yuni da Yuli, a Ingila kuwa sai Agusta da Satumba. Mutanen Alabama sun ɗauke shi da daraja har suka ayyana shi a matsayin ɗan itacen jiharsu a shekarar 2004.

Washegari muka fita da dattijuwar nan raɓa ba ta bushe ba. Ita da sanda a hannu, ni da ɗan bokiti. Kafin ta sa hannu a kowane kurmi sai ta bubbuga shi da sandar, saboda macizai na son inuwar wurin. Ta sa na tura ƙafar wando cikin safa, don akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani, waɗanda idan suka hau mutum zai yi mako yana susa. Na hango wasu baƙaƙe suna ta sheƙi a rana, na kai hannu na fizga. Ta ce, "A'a, ɗana, kada ka ja. Mai sheƙin nan da sauransa. Nemi wanda baƙinsa ya dushe, ka taɓa shi a hankali, idan ya nuna da kansa zai faɗo maka a tafi." Haka kuwa abin yake. Mai sheƙi tsami ne zalla, kuma shi ba kamar ayaba ko mangwaro ba ne da za ka ajiye ya ƙarasa nuna a gida. Yadda ka tsinke shi, haka zai zauna har ya lalace, kuma kwana biyu sun ishe shi ya fara fumfuna. Sa'a guda muka yi kafin mu cika rabin bokiti. Hannuwana duk karce, yatsuna sun rine kamar na wanda ya kwana da lalle. Mai son zuma dole ya jure harbi.

Masana aikin gona sun daɗe suna neman raba wannan ɗan itace da ƙayarsa. A Jami'ar Akansas an fara aikin tagwaita irinsa tun 1964, kuma sun fitar da nau'o'i da dama marasa ƙaya, manya-manya. Mafi yawan wanda ake gani a kantunan Amurka lokacin sanyi daga Meziko yake zuwa, musamman jihar Micowakan. Uwar masaukina ba ta raina su ba, amma ta ce na daji ya fi ƙamshi, kuma da na ɗanɗana duka biyun na yarda da ita.

To, yaya aka yi mutane suka fara jefa ƙanƙara cikin shayi? Sai da ƙanƙarar ta samu tukuna. Kudancin Amurka ba ya yin sanyin da tabki zai daskare a yanko. A 1806 wani ɗan kasuwa daga Boston mai suna Frederic Tudor ya fara wata sana'a da mutane suka yi ta yi wa dariya: a yanki ƙanƙara daga tabkunan arewa lokacin hunturu, a loda a jirgin ruwa, a kai ƙasashen zafi a sayar. Daga baya ya gano cewa idan aka lulluɓe ta da garin katako tana jurewa. A 1833 ya aika da tan 180 har Kalkata ta ƙasar Indiya, tafiyar wata huɗu, kuma kusan tan 100 suka isa lafiya. Ta irin wannan hanya ƙanƙara ta riƙa isa biranen kudu. Ku lura, a wancan zamani ganyen shayi da tsada, sukari da tsada, ƙanƙara da tsada. Wanda ya haɗa ukun a kofi ɗaya ya miƙa wa baƙo, ya nuna shi mai hali ne. A ƙarshen shekarun 1870 wata mata mai suna Marion Cabell Tyree ta tattara girke-girken matan jihar Bajiniya a littafi, kuma a ciki akwai yadda ake haɗa shayin ƙanƙara mai sukari da lemun tsami. Koren ganye suke amfani da shi a lokacin, dangin wanda Buzaye ke dafawa. A 1904, a babbar kasuwar baje koli ta duniya da aka yi a birnin Sent Luwis, wani Bature mai tallar shayin Indiya, Richard Blechynden, ya riƙa ba da shi da ƙanƙara saboda tsananin zafi. Ba shi ya ƙirƙiro ba, amma daga wurin abin ya ƙara bazuwa. Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyar koren ganye daga Japan da Sin, sai Amurkawa suka koma baƙin ganye, kuma a kansa suke har yau. Da wutar lantarki da firji suka shiga ƙauyuka, abin shan masu kuɗi ya zama na kowa. Yanzu wajen kashi uku cikin huɗu na shayin da ake sha a Amurka da ƙanƙara ake shan sa.

Mu koma kicin. Uwargida, ga yadda na ga uwar masaukina ta yi, kuma awon na lita biyu ne. Kofin da zan riƙa ambata shi ne mai ɗaukar rubu'in lita.

Ta fara jiƙa 'ya'yan itacen a ruwa mai ɗan gishiri na 'yan mintuna, don idan akwai tsutsa a ciki ta fito, sannan ta ɗauraye ta tsane. Ta zuba kofi biyu a ƙaramar tukunya, da ruwa kofi ɗaya, da sukari rabin kofi. Da ya tafasa sai ta rage wuta, ta bar shi yana ɗan motsi na minti goma. A nan za ka ga ƙwayoyin suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, baƙin yana komawa ja, ƙamshi ya cika gida. Ta sa bayan ludayi ta murƙushe su, ta juye a mataci mai ƙananan idanu. Tatar nan ba a yi mata gaggawa, domin irin da ke ciki ƙanana ne masu tauri, idan suka tsallake sai su riƙa maƙalewa a haƙori. Abin da ya rage a matacin ba ta zubar ba, ta ajiye shi za ta shafa wa burodi.

Me ya sa sukarin ya shiga tun a kan wuta? Duk wadda ta taɓa zuba sukari a kunun aya mai sanyi ta san amsa. Zai sauka ƙasa ya kwanta, ki yi ta juyawa yana ƙaras-ƙaras, saman salam, ƙasan kamar alewa. Da zafi yake narkewa ya game ko'ina.

Sai shayin kansa, kuma a nan ne hanyarsu da tamu suka rabu. Mu mun saba a zuba ganye a buta a bar shi ya yi ta ɓararraka, saboda madara da sukari za su rufe ɗacin. Shi wannan ba madara a ciki, ba abin da zai ɓoye masa aibi. Ta tafasa ruwa kofi huɗu, ta sauke daga wuta, sannan ta jefa ƙullin ganye shida, irin mai zaren nan. Ta rufe, ta dubi agogon bango. Minti biyar cif ta tsame su, kuma ba ta matse ba. Na ce, "Mama, ai akwai sauran shayi a ciki." Ta ce, "Abin da ya rage ciki bauri ne." Gaskiyarta. A cikin ganyen shayi akwai sinadarin da ke sa baki ya ɗaure, irin wanda ake ji a goro ko ɗanyen kanya, kuma gwargwadon daɗewar ganyen a ruwan zafi gwargwadon fitowarsa. Kaɗan daga cikinsa shi ne ke kashe ƙishirwa. Idan ya yi yawa ya ɓata aikin. Saboda haka mai son shayinsa ya yi ƙarfi, ganye zai ƙara, ba lokaci ba. Dole ne kuma ya yi ƙarfi fiye da wanda za a sha da zafi, tunda ƙanƙara za ta narke ta sirka shi, sanyi kuma yana rage wa harshe jin ɗanɗano.

Ta juye shayin a babban jog, ta zuba ruwan 'ya'yan itacen da ta tace, ta ƙara ruwa kofi uku, ta matsa rabin lemun tsami. Ina tsaye na ga launin ya washe, daga ja mai duhu ya koma ja mai haske, kamar an kunna fitila a cikin jog ɗin.

Wannan wurin ya tsaya mini a rai, domin nan take na tuna mahaifiyata. Idan tana miyar yakuwa ta jefa 'yar kanwa don kashe tsami, launi yakan canza nan da nan. Haka idan kanwa ta shiga zoɓo, jan ya mutu, ya koma wani baƙi-baƙi marar kyan gani. Ashe sinadarin da ke rina zoɓo da wanda ke rina bilakberi dangi ɗaya ne, masana na kiransa antosayanin. Tsami yana ƙara masa ja, kanwa da danginta suna dusashe shi. Matan kudancin Amurka suna da wata dabara ta jefa ɗan mitsitsin bekin soda a shayi don rage bauri, kuma tana aiki a shayi zalla. Amma uwar masaukina ta ce ranar da za ta sa bilakberi ba ta kusantar da ita, saboda za ta kashe launin. Ba ta karanta wannan a littafi ba, mahaifiyata ma haka. Mata biyu, teku a tsakaninsu, kowace ta gano abu ɗaya a gaban murhunta.

Saura sanyayawa. Ba ta sa shi a firji da zafinsa ba. Ta bar shi a kan tebur kusan sa'a guda ya huce da kansa. Ni da na dawo gida na gwada, na yi gaggawa na tura shi firji da ɗuminsa, da na ɗauko sai na tarar ya yi hazo kamar ruwan rafi a farkon damina. Bai lalace ba, ana iya sha, amma kyan ya tafi. Dalili shi ne idan shayi mai ƙarfi ya yi sanyi farat ɗaya, sinadaran baurin nan da na kafeyin sukan haɗu su dunƙule, su yi ta yawo a cikin ruwan. Maganinsa a tsiyaya ɗan tafasasshen ruwa a juya, zai sake washewa. Ƙanƙara kuma a kofi ake sa ta lokacin sha, ba a jog ba. Wanda ke da na'a-na'a ya murza ganye biyu a tafin hannu ya jefa a kai.

Akwai wata al'ada a can da ba zan ba ku shawarar ɗauka ba, duk da na san ranarmu za ta ja hankalin wani. Wasu kan zuba ganye a kwalbar ruwa su ajiye a rana na sa'o'i ya jiƙu. Ruwan yakan yi ɗumi ne kawai, bai kai zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta ba, ya kai dai wanda za su ji daɗin hayayyafa. Wanda ba ya son kunna wuta ya jiƙa ganyen a ruwa mai tsabta cikin firji ya kwana. Wannan ma ya fi laushi a baki, kusan ba bauri.

Maganar sukari kuwa ba zan tsallake ta ba, domin ina ganin yadda ciwon sukari ke cin mutanenmu, kuma kudancin Amurka ma yana cikin yankunan da ya fi addaba a ƙasarsu. Mu yi lissafi. Rabin kofin sukari gram 100 ne. Idan aka raba lita biyu zuwa kofi takwas, kowane kofi ya tashi da kimanin ƙaramin cokali uku. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin gram 50 a rana, wato ƙaramin cokali goma sha biyu, kuma idan ya tsaya a rabin haka ya fi. Kun ga ke nan kofi huɗu a rana mai zafi sun cinye rabon yinin gaba ɗaya, ba a yi maganar koko da safe ba. Abin da ya sa nake ƙaunar abin sha na gida ke nan. Lemon kwalba an riga an yanke maka hukunci a masana'anta. Wannan kuwa cokalin yana hannunki. Ni yanzu sulusin kofi nake sawa, kuma da bakina ya saba sai na fara jin ƙamshin ɗan itacen da zaƙi ya danne a da. Mai ciki da mai ƙarancin jini kuma su sani shayi yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka su ba da tazarar sa'a guda ko fiye tsakaninsa da cin abinci.

Na san wani yana ji yana cewa, malam, ina za mu ga bilakberi a kasuwar Kurmi? Ba za ka gani ba. Yawancin nau'o'insa suna buƙatar sanyin hunturu kafin su yi fure, ƙasarmu kuwa ba ta da shi. Ganyen shayi dai muna da namu, ana nomansa a Kakara, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba. Sitiroberi ma ana nomansa a kewayen Jos, kuma idan aka dafa shi da sukari yadda na faɗa yana bayar da shayi mai daɗi, sai dai launinsa bai kai ba. Na gwada ɗinya saboda baƙinta, amma zaƙi gare ta ba tsami, sai shayin ya fito a kwance. Abin da ya fi kusa da abin da na sha a Alabama shi ne zoɓo. Ba zan ce ɗaya suke ba, ƙamshin daji na bilakberi nasa ne shi kaɗai. Amma tsamin da launin suna nan. Ki ɗauki zoɓo cikin tafi ɗaya, ki wanke yashinsa, ki dafa a ruwa kofi biyu da sukarinki na minti goma, ki tace, ki haɗa da shayin da kika tsame a minti biyar. Ki rage lemun tsami, don zoɓo ya zo da nasa tsamin. Citta kaɗan ba ta ɓata shi, kanumfari kuwa yakan danne shayin.

Ƙanƙara ita ce babbar matsalarmu, ga rashin wuta, ga tsadarta idan azumi ya faɗo cikin bazara. Ina roƙonku ku san ruwan da aka yi ta da shi. Daskarewa ba ta kashe ƙwayar taifot, ba ta tabbatar da tsabtar ruwa. Idan ƙullin ƙanƙarar da kika sayo ba ki san asalinsa ba, kada ki fasa shi cikin abin sha. Ki zuba shayin a kwalabe masu murfi, ki jera su a kula, ki ɗora ƙullin a kai da ledarsa. Inda babu ko wannan, a naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye inda iska ke kaɗawa, ko a tsoma ta cikin randa, busasshiyar iskarmu za ta yi aikin da ta Alabama ba za ta iya ba. A firji yana kai kwana biyu zuwa uku. Idan ba firji, a shanye shi a ranar.

Ranar da zan baro gidan, dattijuwar nan ta fito da wata leda daga firiza, cike da bilakberin da muka tsinko tare. Ta shimfiɗa su ne a faranti ɗaya-ɗaya suka daskare kafin ta haɗa su, don kada su manne. Ta ɗebo guda uku ta jefa mini a kofi a madadin ƙanƙara. Muna zaune a barandar gaban gida suna narkewa a hankali, jan yana sauka ƙasan kofin zare-zare. Sauran ta ɗaure bakin ledar ta mayar, ta ce na jikokinta ne idan sun zo hutun Disamba.